Na ci JAMB, amma Baba yana so in riƙe masa shago

Ɗan Kusugu: Assalamu alaikum. Ni ɗan Daura ne, bana na gama sakandare, na samu maki 214 a JAMB. Burina in karanta aikin akanta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina. Sai dai ƙarfin Baba ya fara ja baya, yana so in riƙe masa shagon hatsi, ga ƙanne biyar a bayana. Wallahi abin ya hana ni barci. Ku ba ni shawara don Allah.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam, ɗana. In kuɗi ne damuwar, akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Amma kada ka yi wa mahaifinka gardama. Ka nemi baffanka ko limamin unguwarku su zauna da shi.

Bakatsine: Ƙanena, me zai kai ka nesa? Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan cikin Daura. Ka canza zaɓinka a JAMB, ka yi difloma shekara 2, safe aji, yamma shago. In sakamakonka ya yi kyau, kana iya shiga jami'a daga aji 2. Haka na yi, ina ɗinki ina karatu. Na sha wuya, musamman lokacin jarrabawa.

Ɗan Kusugu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe bayan Magariba zan je wurin Baffa. Yaya, wa ya riƙa tsare maka shago ranar jarrabawa?