Fim ɗin almarar kimiyya da ƙaramin jari: a ɗaure fuska ko a yi camama?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum yayyena masu sana'a. Mu shida ne a nan Bauchi, da waya biyu, kwamfuta ɗaya da koren ƙyalle yadi shida, irin wanda ake ɗaukar hoto a gabansa don a sauya bayan fage da kwamfuta. Labarinmu na minti 20 ne, kan wani mai gyaran rediyo da ya haɗa akwatin da ke kamo labaran gobe. Wasu sun ce a ɗaure fuska a yi shi da nauyi, wasu sun ce tunda ba kuɗi a mayar da shi camama, a sa mutum-mutumi a ci dariya. Wanne ya fi dacewa da aljihu irin namu?

Mai Tace Hoto:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ku yanke, ku ɗauki rubutun ku ƙirga fitowa nawa ce ke buƙatar siddabarun kwamfuta. Ga lissafi: daƙiƙa ɗaya hoto 25 ce, fitowar daƙiƙa 10 hoto 250 ke nan. In Blender, manhajar ƙera hoto a kwamfuta, na cin minti 3 kan kowane hoto a ƙaramar kwamfuta, kun shafe awa 12 da rabi, banda ɗaukewar wuta, banda gyara in an ga kuskure. Fim mai nauyi ba ya yafe siddabarun da bai nuna ba. Mutum-mutumi ɗaya ya fito ƙafarsa na zamewa a kan ƙasa, dariya za a yi, kuma daga nan mai kallo ya fita daga labarin.

Amma naku labarin bai buƙatar wannan wahalar, shi ya sa nake goyon bayan a ɗaure fuska. Abin tsoron a sauti yake, kunne ne zai ji shi. Tsohuwar rediyo daga kasuwar Wunti, a buɗe bayanta, a ƙara wayoyi da ƙananan fitilu biyu, a ɗauke ta a kusa cikin ɗaki mai duhu-duhu, ta wadatar. Fim ɗin Primer na 2004 da kimanin dala 7,000 aka yi shi a Amurka, injin cikinsa akwati ne kawai, kuma ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Sundance.

Koren ƙyallen ku rage dogaro da shi. Waya tana matse launi, shi ya sa gefen gashi da gefen mayafi ke fitowa a tsattsage. In ya zama dole, a goge ƙyallen a ɗaure shi tamau, ɗan wasa ya tsaya mita 2 daga gare shi don kada kore ya haska masa wuya, a ba ƙyallen fitilarsa daban ta dama da ta hagu.

Baban Camama:
Malam ya yi gaskiya a lissafi, sai dai kada a raina camama, kuma kada a ɗauka mafakar marasa kuɗi ce. Ita ma sana'a ce mai wuya. Ku dubi Wakaliwood, masu shirya finafinai da ƙaramin jari a Yuganda: kowa na ganin jirgin saman da ke cikin fim ɗinsu na kwamfuta ne, amma mutane na kallo har ƙarshe saboda masu yi sun ba da zuciyarsu, ba sa jin kunyar abin da suka ƙera.

Sharaɗinta na farko, ɗan wasa kada ya nuna ya san abin dariya ne. Wanda ke tsaye gaban mutum-mutumin kwali ya ji tsoronsa da gaske. Da ya murmusa wa kyamara, abin ya mutu. Na biyu, kayan su fito fili: kwali, bututun roba na masu famfo, fentin feshi ruwan azurfa, haske mai yawa, ɗauka daga nesa a ga komai. Fim mai nauyi ɓoye talaucinsa yake yi cikin duhu, camama kuwa baje shi take yi a faifai. Na uku shi ne yanka. Barkwanci a wajen tacewa yake rayuwa. Jinkirin rabin daƙiƙa bayan magana ya isa ya kashe dariyar.

Abin da ke rusa finafinan yaranmu shi ne haɗa biyun ba shiri. A fara da kuka da kiɗan tausayi, minti na takwas a shigo da ɗan barkwanci don wai kada a gaji. In babu wanda ya iya ba da dariya da gaske a cikinku, ku bar camama.

Mai Sauti:
Duk wanda kuka zaɓa, sauti ne zai tona ku, musamman mai nauyin. A maƙala ƙaramar makirufo a ƙirji, tazarar ɗani ɗaya daga haɓa, a haɗa ta da waya ta biyu a aljihu, a tafa hannu farkon kowace ɗauka don daidaitawa. Janareta a kai shi bayan katanga da doguwar waya, a kashe fanka. Kowane ɗaki a naɗi shirunsa na minti ɗaya don cike giɓi. Muryar rediyon ku naɗe ta tsaf, sannan a datse ƙasa da 300 da sama da 3,000 a ma'aunin hez na kaifin sauti, a ɗora shuuu ɗin gajeren zango a ƙarƙashi. Saurin rufewar idon kyamara a kulle shi kan 1/50 na daƙiƙa, domin wutarmu hez 50 ce, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa a hoto.

Ɗan Yelwa:
Allah ya saka da alheri. To yaya za mu tabbatar kafin mu zuba kuɗi?

Mai Tace Hoto:
Ku ɗauki fitowa ɗaya ta minti 2, inda mai gyaran rediyon ya fara jin sanarwar rasuwar wanda yake raye, ku yi ta iri biyu a yini ɗaya. Ku nuna wa mutum goma da ba abokanku ba, ku zauna a baya ku rubuta inda aka yi dariya da inda aka duba waya. In an yi dariya a mai nauyin, yawanci ɗan wasa ne ya cika kururuwa ko kiɗa ya yi yawa. Ku rage, ku sake. Matasan The Critics na Kaduna, masu finafinan almarar kimiyya, da gajerun finafinai a waya suka fara kafin sunansu ya fita duniya a 2019, don haka kada ku tsawaita. Fitowar waje kuma ku ajiye ta zuwa Disamba ko Janairu, ku nufi duwatsun Dass da sassafe, hazon hunturu zai ba ku sararin da ba sai an taɓa kwamfuta ba. Ku tafi da ƙyalle mai laushi na goge gilashin kyamara, ƙurar ba ta da sauƙi.