Muhawara: Wai fashewar rana ce ta ƙona inbatar Mai Caji?

Daga Zauren Matasan Gari, ƙasar Ringim

Mai Caji: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a cire ni daga zauren nan. Tun ranar Asabar da inbatata ta ƙone ake yawo da ni a gari wai kayan jabu nake saye wai ni na lalata wa mutane wayoyi, har akwai wanda ya je ya samu mahaifiyata da maganar, fisabilillahi. To ku bincika, ranar Juma'a 10 ga Mayun 2024 rana ta fashe, duk duniya an sani, Turawa har hotunan sama suka yi ta ɗauka ta yi ja da kore da daddare. Washegari inbatata ta yi hayaƙi, sabis ya ɗauke, POS ɗin bakin tasha ma ya ƙi aiki. Ni zan biya abin da rana ta yi?

Na'ibi: Wa'alaikumus salam. Yaro ka gyara kalamanka. Rana ta fashe kamar yaya? Ranar da muka duba muka yi Azahar da La'asar jiya da yau? Rana tana tafiya ne bisa umarnin Ubangijinta, ba abin da zai same ta sai ranar tashin Alƙiyama. Ka janye kalmar nan.

Ɗan Acaɓa: Allah gafarta Malam ka gama magana. Wayata na cikin waɗanda suka mutu, kuma da rana ta fashe da ba mu nan muna rubutu

Mai Caji: Allah gafarta Malam ba ni na ƙirƙira ba wallahi, haka aka rubuta

Ɗalibin Dutse: Don Allah a ba ni dama. Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce rana ta tarwatse, tana nan yadda Allah ya halicce ta. Abin da ke faruwa kamar tukunyar kunu ce a kan wuta, tana tafasa tana fesowa amma tukunyar ba ta fashe ba. Akwai wasu baƙaƙen tabo a jikin rana, daga nan take yin feshin, kuma abin yana ƙaruwa yana raguwa duk bayan kusan shekara 11, 2024 kuwa lokacin ƙaruwarsa ne. Hasken feshin yana iso mu cikin minti 8 da ɗoriya duk da nisan kusan kilomita miliyan 150, shi kuma curin da ta watso mai ɗauke da lantarki sai ya yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Na 10 ga Mayun nan gaskiya ne ya faru, tun 2003 ba a ga mai ƙarfinsa ba. Amma Yaya Mai Caji ka yi haƙuri, ba shi ya ƙona maka inbata ba.

Ɗan Acaɓa: Yauwa, ɗan boko ma ya ƙaryata shi

Direba: Ya ƙaryata wa? Ai cewa ya yi gaskiya ne ya faru. Ku 'yan unguwar gabas da ma neman yaron nan kuke tun da ya buɗe shago kusa da na ƙaninka

Na'ibi: Ko feshi aka ce ko me, ni kalmar fashewa nake magana a kai. Yara suna karantawa, gobe wani zai tashi ya ce duniya za ta ƙare ranar kaza. Lokacin kusufin rana na 2006 mun ga yadda mutane suka firgita, sai da aka yi ta wa'azi.

Ɗalibin Dutse: Kusufi daban ne Malam, shi wata ne yake shiga tsakaninmu da rana. Bari in ƙarasa maganar inbata. Allah ya yi wa duniya garkuwar maganaɗisu, idan curin nan ya bugi garkuwar sai ta girgiza, girgizar ce take tura wuta cikin dogayen wayoyi, irin manyan layukan lantarki masu ɗaruruwan kilomita, ta shiga tiransifoma ta zafafa shi. Haka ya faru a Kebek ta Kanada ranar 13 ga Maris 1989, mutum kusan miliyan 6 suka yi awa 9 ba wuta. A 2003 wasu manyan tiransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu. Mafi girma shi ne na 1859, lokacin wayar tangaraho, har tartsatsi ta riƙa yi tana jan ma'aikata. To Yaya wayar da ta taso daga faifan solarka zuwa batir taku nawa ce? Kuma shagonka ba a haɗe yake da layin gwamnati ba, mu da muka manta rabonmu da wuta.

Malama Ungozoma: Ni ma in sa baki. Firjin ajiye allurar rigakafi na asibitinmu da sola yake aiki kuma ko ɗif bai yi ba ranar Asabar. Ƙanena, zafin bazarar nan ka duba, shagonka na kwano ne ba taga, ga firiza ka ƙara kana sayar da ƙanƙara.

Mai Caji: Anti firizar nan ƙarama ce fa

Direba: Wato yanzu laifi ne talaka ya sayar da ƙanƙara. Kuɗin gyaran famfon sola na rijiyar burtsatse da aka tara naira ɗari biyar biyar a kowane gida ina suke? Shi ma rana ce ta fashe a kansa?

Ɗan Acaɓa: Kai Direba ka iya bakinka, yayana ne ma'aji kuma lissafi yana wurin mai unguwa, in kana da hujja ka kawo in ba ka da ita ka yi shiru, kai da ko naira ba ka bayar ba kana Legas lokacin

Direba: Matata ta bayar, a tambayi mai unguwa

Baffa Mai Rediyo: Jikana ne yake rubuta min. Ku yara ku daina zage-zage. Ni dai abin da na sani shekara da shekaru ina sauraron gajeren zango, akwai lokacin da tashar za ta ɓace da rana tsaka sai shuuu kawai kake ji, can kuma ta dawo da kanta ba ka taɓa komai ba.

Ɗalibin Dutse: Baffa wannan kam yana iya zama aikin rana, don gajeren zango sama yake bugawa ya dawo ƙasa, feshin yana dagula wannan sashen na sama a ɓangaren duniyar da ke cikin hasken rana. Haka GPS, a wannan na Mayu manoma a Amurka sun tsayar da shuka saboda taraktocinsu da GPS suke bin layi. A Fabrairun 2022 ma taurarin ɗan'adam na intanet ɗin Starlink kusan 40 cikin 49 da aka harba suka faɗo suka ƙone. Amma sabis ɗin wayarmu daga turakun nan yake zuwa, in man janareta ya ƙare musu sai ya ɗauke.

Mai Caji: To kun ji dai, tauraron ɗan'adam ma ya ƙone balle inbatata

Ɗalibin Dutse: Yaya ba haka na ce ba fa

Na'ibi: Har yanzu ban ga an janye kalmar ba.

Ɗan Acaɓa: Ni kuma ban ga wayata ba

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta duka tun daga sama. Abin da ya tabbata shi ne ɗan'uwanmu Mai Caji bai yi ƙarya ba, ɗalibinmu da kansa ya ce abin ya faru ranar da aka faɗa kuma yana lalata kayan wuta har a ƙasashen Turawa. Yaron nan ɗan yayata ne, a gabana ya tashi, ban taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba, don haka maganar kayan jabu a bar ta. Kalmar da Malam ya hana kada a sake rubuta ta a nan, a ce feshi. Masu wayoyi su same ni bayan Isha'i a ƙofar gida a sasanta, amma kowa ya zo da sanin cewa tsautsayi ne. Maganar kuɗin rijiya kuma Ɗan Acaɓa ka gaya wa yayanka ya zo da littafin ranar Juma'a bayan an sauko. Na rufe rubutu sai da safe.