Dan Allah masu saƙa, ya zan rage safar hannun manya ta dawo ta ɗan shekara 3?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi. Dan Allah taimako nake nema wajen masu saƙar kibiya. Yarona shekararsa 3, babansa ke kai shi makaranta a mashin tun daga Tudun Jukun har Kongo da sassafe, kuma kun san yadda hunturun Zariya yake in Disamba ta shiga, kafin su isa yatsunsa sun ƙandare har kuka yake. Na duba na gwanjo a kasuwar Sabon Gari, duk masu yatsu biyar ne kuma sun masa yawa, sa masa su kaɗai aiki ne. Ina da takardar saƙar safar hannu irin mai babban yatsa kawai sauran yatsun a haɗe, amma ta manya ce, an ce a ɗora ido 44 (wato madaukan zaren da ake jerawa a kan kibiya) da kibiya mai lamba 4mm. To tambayata shine in raba biyu ne kawai in ɗora 22, ko akwai lissafin da ake yi? Kuma wajen babban yatsan nan shi ya fi ɗaure min kai. Da kibiya biyu nake saƙa sai in ɗinke gefe, ban iya ta zagaye ba.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Maman Hanif kar ki raba biyu wlh ba zai shiga ba, hannun yaro ai ya fi rabin na babba. Ni abinda nake yi na bar lissafin yadda yake sai na canza zare zuwa siriri na ɗau ƙaramar kibiya, da kanta take fitowa ƙarama. Ko kuma ki huta ki yi masa marar yatsa irin ta jarirai, yamma ɗaya kin gama.

Hajiya Goggo Samaru:
Sannunku 'ya'yana. Ummu Sadiq dabararki tana yi in ana son a rage kaɗan, kamar ta uwa a mayar wa budurwa, amma daga hannun babba zuwa na ɗan shekara 3 tazarar ta yi yawa, sai an samo zare siriri sosai, in kuma kibiyar kaɗai aka rage zaren na nan da kaurinsa saƙar tauri take yi yaro ya kasa lanƙwasa hannu. Marar yatsa kuma ta jariri ce, wanda zai hau mashin yana buƙatar ya riƙe rigar babansa.

Maman Hanif ki ajiye 44 ɗin nan a gefe tukuna. Mai takardar ta yi lissafinta ne da hannun da ya kai santimita 20 a zagaye, kuma ita a saƙarta ido 22 ke ba ta santimita 10, shine ta samu 44. Ke naki hannun saƙar daban, zarenki daban, wata tana matse zare wata tana saki. Abu biyu za ki auna. Ki sa tef ɗin tela ki zagaye tafin hannun yaron ta ƙasan yatsu huɗun nan banda babban yatsa, yawanci na 'yan shekarunsa santimita 13 ne zuwa 14. Sannan ki ɗora ido kamar 26 da zaren da za ki yi aikin da shi ki saƙa ɗan ƙyalle, ki shimfiɗa shi ba tare da kin ja ba, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10 a tsakiya, ba a gefe ba. Na san mata da yawa suna ƙyuyar wannan ƙyallen, suna ganin ɓata zare ne, alhali in kin gama awo warwarewa za ki yi ki mayar da zarenki. Ki kawo min lambobin biyu.

In ba zai tsaya a auna shi ba ki bari sai ya yi barci, ko ki ɗora hannun a kan takarda ki zana da biro, zanen zai miki amfani wajen tsawo.

Maman Hanif:
Na gode sosai Hajiya Allah ya ƙara girma. Na auna, hannun 13 ne cif, ƙyallen kuma ido 20 na samu a santimita 10. Daga wuyan hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa 11.

Hajiya Goggo Samaru:
Madalla. To kinga ke kowane santimita ido 2 ne. Ki ƙara santimita 1 a kan 13 don ya samu sakewa, 14 kenan, sau 2 ya ba ki 28. Tunda ɗinkewa za ki yi ki ƙara ido 2 na ɗinki, ki ɗora 30.

Ki fara da wuyan hannu, ido ɗaya saƙar gaba, ido ɗaya saƙar baya, kuma nan ki yi da kibiyar da ba ta kai 4mm ba, 3.5 ko 3.25, don ya kama. Kar ki yi rowar tsawo a nan, ki ba shi santimita 6 ya shige cikin hannun rigar sanyi, yawancin safar yara da ke ɓata a hanya gajeren wuya ne ya jawo. Daga nan ki koma babbar kibiya ki yi layi 2 ko 4 haka nan.

Yanzu babban yatsa. Shi wajen kashi ɗaya cikin uku na idon hannu yake ci, naki 9 ya isa. Ki nemo tsakiyar saƙar ki ɗaura ɗan zare mai wani launi don alama, ki ƙara ido ɗaya a nan. Layin dawowa ki wuce kawai. Layi na gaba ki ƙara ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa ya zama 3, haka za ki yi ta yi layi ɗaya ƙari layi ɗaya hutu, 5, 7, har 9. Za ki ga ya buɗe kamar bakin mazurari. Sai ki gwada a hannun yaron, in ya kai gindin yatsan ki zare idon 9 ɗin ki sa su a wani zare ki ƙulla, in bai kai ba ki ƙara layi 2 ba ƙari. Ki ci gaba da 30 ɗinki, inda kika tsallake yatsan ki ja zare da kyau kar ya bar rami.

Ba sai kin bi yawan layin takarda ba, ki yi ta saƙa har ta rufe ƙaramin yatsansa sannan ki fara ragewa: ki saƙa ido biyu ki haɗe biyu har ƙarshen layi, ki dawo, ki saƙa ɗaya ki haɗe biyu, ki dawo, sai ki haɗe bibbiyu duka, ki yanke zare ki zura cikin ragowar ki tsuke. Ki koma kan 9 ɗin nan ki ƙara ido ɗaya kowane gefe na ɗinki, tsawon santimita 3 da rabi zuwa 4 ki tsuke shi ma. Daɗin yatsa a tsakiya shine ba dama ba hagu, biyun iri ɗaya za ki yi, yaro ya sa duk wadda ya ɗauka.

Anti Rabi Gyallesu:
Hajiya ta gama magana, Allah ya saka. Ni abu ɗaya zan roƙa, dan Allah kar a haɗa su da doguwar igiyar nan da ake ratayawa ta bayan wuya don kar su ɓata, a yaro ƙarami haɗari ne tana iya shaƙe shi ko ta maƙale a wani abu balle a kan mashin. Ki yi ɗan madauki a wuyan safar ki maƙala a maɓallin hannun riga, ko ki saƙa guda uku tunda duk iri ɗaya ne. Sannan zaren da muke ce wa ulu a kasuwa yawanci akirilik ne, yana jure wanki amma ba ya son wuta, a kula in ana jin ɗumi a bakin murhu. In kuwa ulun gaske kika samu banda ruwan zafi da cuɗa, tsukewa yake.

Ummu Sadiq:
Ikon Allah, ashe ƙaramar kibiyar nan ce tasa nawa suke fitowa da tauri. Hajiya dan Allah in 'yar shekara 6 ce fa, ita ma 9 ɗin zan bar wa yatsa?

Hajiya Goggo Samaru:
Auno hannunta da ƙyallenki 'yata, in ya ba ki 32 ko 34 to yatsa 11 za ki yi.