Me ke damun Antoniyo? A amsa da baiti

Falke: Salam 'yan uwa, jiya na sake karanta wasan Shakespeare na attajirin Banis ɗin nan da aka fara bugawa a 1600, kuma har yau abu ɗaya ke ɗaure min kai, wai mutum ga kuɗi ga jirage amma yana buɗe baki sai ya ce bai san me ke damunsa ba. Doka dai kun sani, baiti kawai, ƙafiya "wa".

Antoniyo uban fataken Banis,
Ga dukiya, me ya kawo damuwa?
Shi da kansa ya ce bai san dalili ba,
To ku warware min, masana kasuwa.

Ɗan Kwari:
Kaya ne malam, ba wani abu ba,
Wanda jarinsa ke bisa ruwa,
Wani Tarabulus, wani Meziko,
Wani Ingila, ai barci ba ya zuwa.

Uwar Baiti:
Abokinsa Salarino ya riga ka wannan zance,
Antoniyo ya ƙaryata gaban kowa,
Ya ce bai tara jari a jirgi ɗaya ba,
Aka ce so ne, nan ma ya hau musawa.

Ɗan Kwari: hhh hajiya a yi min a hankali mana

Ina falken da zai tona asirinsa,
Ya ce wa jama'a jarina na rawa?

Na Zaure:
Ni dai na ce jikinsa ne ya ba shi,
Bashin dukat 3000 na nan zuwa,
Wata uku Shailok mai ba da rance ya ɗiba masa,
In ya saɓa, laba ɗaya ta namansa sai yankewa.

Uwar Baiti: baitinka na ƙarshe ya yi ƙiba Na Zaure, amma ku saurara

Ku duba wa aka ciyo wa bashin,
Basaniyo, amininsa na rayuwa,
Zai tafi Belmon neman auren Poshiya,
Shi kuma attajiri ya hango rabuwa.
Ran bankwana ido ya cika da ƙwalla,
Ya kau da fuska don kar a ga zubowa,
Ta baya ya miƙo hannu suka gaisa,
Wannan ciwon ba na jirgi ba ne, na kewa.
Ƙarshe ma jirage uku sun iso lafiya,
Angwaye da amare ana ta sowa,
Shi ga takardar albishir a hannu,
Ba mai riƙe masa ɗayan a shiga da rawa.

Ɗan Kwari:
To na sallama hajiya, kin yi kaye,
Amma jirage ukun ni a ba ni in yi ta kewa.