Abin da na tsinta daga hirar jirage marasa matuƙa a Garwa

Da yammacin Asabar muka zauna a shagon wani mai gyaran waya a Garwa, arewacin Kamaru, hira ta kai mu kan ko sabis ɗin MTN da Orange zai isa a sarrafa jirage marasa matuƙa masu kai jini da magani ƙauyuka, kamar yadda kamfanin Zipline ya fara a Ruwanda a 2016.

Wani malami da ya san aikin ƙarafan sabis ya fi kowa daɗewa yana bayani. Ya ce eriyoyin da ke kan ƙarafan suna kallon ƙasa ne, don mutane aka kafa su. Jirgi in ya yi sama sai ya riƙa jin ƙarafa da yawa lokaci guda, siginar ta cakuɗe, umarni ya makara. Shawararsa: a saka layi biyu na kamfani daban-daban, a kuma tsara jirgin ya koma gida da kansa in sabis ya yanke. Wannan ta ƙarshe ce ta fi kwanta mini, domin duk wanda ya bi hanyar Yagwa da damina ya san inda waya ke yin shiru.

Batun izini ba a ja shi ba. Sararin sama na Kamaru ASECNA, hukumar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Afirka, ce ke kula da zirga-zirgarsa, don haka a nisanci filin jirgin Garwa, a nemi takarda daga hukumar jiragen sama, kuma jirgin ya riƙa aika inda yake ta sabis ɗin. A yankin Marwa kuwa, saboda halin tsaro, a fara sanar da sojoji.