Madugu, jagaba ko ɗan jagora: me za mu kira na'urar nuna hanya ta mota?

1/ Jama'a, cigiyar suna nake. Ƙanena ya sayo mota 'yar Kwatano mai allo a gaba. Ya kunna, sai ga ɗigo ɗaya a fili fari fat, babu titi ko guda. Ya bugo mini: "Yaya, jifiyes ɗin nan ya haukace." Na ce lafiyarsa ƙalau, ya san inda kake, taswirar Amurka ce kawai a cikinsa, kai kuma kana Kano. A nan na gane kalma ɗaya muke ɗora wa abu uku.

2/ Na farko shi ne tsarin taurarin ɗan'adam. GPS na Amurka ne, sojojinsu ke tafiyar da shi. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200. Rasha na da Glonass, Turai na da Galileo, China na da BeiDou. Wannan kam sunan yanka ne, ba a fassara shi. A bar shi jifiyes, kamar yadda bakin direbobi ya riga ya gyara shi.

3/ Na biyu na'urar, irin su Garmin da TomTom, ko wadda aka ƙera a jikin mota. Na uku taswira, ita kuwa tana da sunanta tuni. Ta tsakiyar ce marainiya.

4/ Wani ya ce tiraka. A'a, ranka ya daɗe. Tiraka tana kai rahoton inda motarka take, don ranar da ɓarawo ya ziyarce ka. Wannan kuwa saurare kawai take yi: ta kama saƙon taurari aƙalla huɗu, ta lissafa inda take, ba ta gaya wa tauraro komai.

5/ "Na'urar nuna hanya" daidai ce, a jarida. Amma je ka kasuwar kayan mota ka faɗi haka, kafin ka kai ƙarshe mai shago ya sallami mutum biyu. "Manuniya" ta fi gajarta, sai dai manuniya nuni take ta yi shiru. Wannan kuwa surutu gare ta, ka saɓa mata ta sake lissafi ta dawo maka da wata hanyar.

6/ Mu koma ayarin fataken Gwanja masu zuwa sayen goro. Madugu uban tafiya ne: shi ke yanke inda za a yada zango, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Na'ura ba ta da wannan iko, kuma kada Allah Ya sa ta samu. Direba ne madugu. Amma a ayarin akwai jagaba, wanda ke gaba don ya san hanya. Aikin na'urar ke nan, babu ragi babu ƙari. Ɗan jagora ma ya kusa, sai dai makaho ake yi wa jagora, kuma ban ga direban da zai yarda da wannan matsayi ba.

7/ Na san abin da za ku ce. Tun da Tinubu ke riƙe da sarautar Jagaban Borgu, kalmar ta shiga siyasa. To, ai kalmar ta girme shi. A ce "jagaban mota", rigima ta ƙare.

8/ Abin da ya ƙara ja na ga sunan shi ne, jagaba da sanin hanyar bana yake cin abinci, ba na bara ba. Wanda ya baro Kano kafin a yi gadar Dangi da ta Hotoro, yau sai an yi masa kwatance. A Yamai, a watan Oktoban 2024, titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Tsohuwar taswira ba ta da labari. Don haka kalmar da samari ke cewa "abdet", ni "sabunta taswira" nake so. Ba "gyara" ba, don ba lalacewa ta yi ba, tsufa ta yi.

9/ Mai niyyar saye, ka tambayi abu biyu kafin ka taya: akwai taswirar Najeriya ko Nijar a ciki? Sabuntawar kyauta ce ko da kuɗi? In an rubuta a kwali cewa ta tsawon rai ce, ka tambaya ran wa. Ran na'urar ake nufi, kuma kamfani ke yanke ranar mutuwarta. A 2018 TomTom ya daina ba wasu tsofaffin na'urorinsa sabuwar taswira.

10/ Mafi yawanmu dai Google Maps muke bi a waya, a sauke taswirar yanki saboda inda babu sabis. Ita ma sunan ya hau ta: jagaban waya. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke cewa "jepees", ya kunnenku ya ji "jagaba"?