Muhawara: Shin jinkirta ɗaga zafi a gwaji camfi ne?

Aminu: Jama'a, raina a ɓace yake. Kwana uku na yi ina aiki da na'urar GC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cakuɗe a cikin samfuri, ina ɗaga zafin tandarta digiri 20 a kowane minti, sai malamin da ke duba aikina ya ce in sake komai a digiri 5 a minti, alhali man janareta daga aljihuna yake fita. A ganina wannan batu na cewa sai an bi a hankali camfi ne.

Malama Hadiza: Aminu, kalmar camfi ta yi nauyi. Idan zafi ya tashi da sauri, sinadaran da yanayinsu ya yi kusa sukan fito kusan lokaci ɗaya, tsaunukansu, wato tudun da na'urar ke zana wa kowane sinadari, su hau juna a kan takarda. Haka yake a TGA, na'urar da ke auna nauyin samfuri yayin da ake dumama shi: sinadarin kofa salfet mai ƙwayoyin ruwa biyar yakan saki ruwansa biyu, biyu, sannan ɗaya, amma idan aka gaggauta, matakai biyun farko sai su haɗe kamar guda.

Injiniya Bashir: Ranki ya daɗe, yaron bai yi laifi ba. Abin da ake maimaitawa ba tare da tambayar dalili ba, ai shi ake kira camfi. A DSC, na'urar da ke auna zafin da samfuri ke sha ko fitarwa, gaggawa ce ke ƙara tsayin tsauni, har ƙaramin canji ya bayyana.

Malam Sani: Camfi shi ne abin da ba shi da hujja, wannan kuwa ana auna shi. Ƙarfen indiyam yana narkewa a digiri 156.6, kuma duk wanda ya gwada shi a DSC ya ga ƙololuwar tsauninsa tana matsawa gaba idan aka ƙara sauri, domin zafin samfurin yana biyo na tanda a baya. Ku injiniyoyi lokaci kawai kuke lissafawa.

Injiniya Bashir: Malam Sani, ka janye wannan magana. Mu ne muke gyara muku na'urorin idan sun tsaya.

Malama Hadiza: Ni dai ban yarda ɗalibi ya jingina camfi ga malaminsa a gaban jama'a ba.

Malam Sani: Bari in taƙaita. An tabbatar cewa gaggawa tana cakuɗa tsaunuka, Injiniya bai kawo hujjar da ta rushe wannan ba, saboda haka Aminu ya koma digiri 5 kuma ya ba malaminsa haƙuri.